Tsutsa a fatar 'yan kwikwiyo: a matse a gida ko sai an kai asibitin dabbobi?

Mai_Gidan_Gona: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema cikin gaggawa. Karyar da ke mana gadi a gona ta haihu, 'ya'yan ba su kai wata guda ba. Sai ga wasu ƙuraje sun feso musu a ciki, da tsakanin yatsu, da gindin wutsiya. Kowanne ya tasa kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya yana tsattsafo da ruwa. Yaron da ke kula da su ya matsa ɗaya, sai ga tsutsa fara, gajera mai kauri, ta faɗo tana motsi. Ƙaramin cikinsu ko nono ya daina kamawa, sai kuka. Wani maƙwabci ya ce a zuba kananzir, wani kuma ya ce tsutsar ciki ce ta yi musu yawa har ta huda fata. Don Allah mene ne wannan, kuma me ya kamata in yi?

Sarkin_Baka_Birnin_Gwari: Wa alaikumus salam. Wannan tsohon abu ne a wurinmu mafarauta. Da zarar damina ta kankama ba ka raba 'yan kwikwiyo da ita. Matsewa ake yi ɗaya bayan ɗaya, a watsa wa kaji, a shafa man kaɗanya a wurin. Amma sai ta nuna ake matsawa. In ɗanya ce ba za ta fito ba, wahalar da dabba kawai za ka yi.

Direban_Tifa: Fetur kawai, maigida. Ɗigo biyu a kowane rami, da kansu za su fito.

Uwar_Biyu: Haba Malam Direba! Fetur a jikin abin da bai yi wata ɗaya a duniya ba? Kai in aka ɗiga maka a miki yaya za ka ji? Kuma uwar lasarsu take yi dare da rana, cikinta zai tafi.

Dakta_Samaru: Mai_Gidan_Gona, sannu da ƙoƙari. Da farko dai ba tsutsar ciki ba ce, ita ba ta huda fata ta fito. Wannan 'yar ƙuda ce. Akwai wani ƙuda mai launin ruwan ƙasa-ƙasa da rawaya, a kimiyyance Cordylobia anthropophaga, da ake samu a yawancin Afirka kudu da Sahara. Ba ya cizo, ba ya kuma yin ƙwai a jikin kare. Macen takan nemi busasshen yashi da ke cikin inuwa, wanda fitsari ko kashi ya taɓa, ta zuba ƙwai 100 zuwa 300. Cikin kwana 1 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. 'Yan tsutsotsin, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, sukan lafe a cikin yashin har kusan sati biyu ba ci ba sha, suna jiran ɗumin jiki. Da kwikwiyo ya kwanta a wurin sai su shige fatarsa. Shi ya sa ka gansu a ciki da ƙafafu da gindin wutsiya, wuraren da ke taɓa ƙasa kuma fatar ba kauri. Tana yin kwana 8 zuwa 12 a ciki tana girma, sannan ta faɗo ƙasa, ta shige turɓaya, ta rikiɗa ta zama ƙuda.

Ka duba ramin da kyau da fitila. Za ka ga ɗigo biyu baƙaƙe suna leƙowa suna komawa. Ta nan take numfashi. To ga abin yi. Sa safar hannu. Aske gashin gefen, ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, cokalin shayi ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa. Sai ka toshe ramin da basilin mai kauri, ka ba shi lokaci. In ta rasa iska za ta turo kanta waje. A nan ne za ka sa yatsu biyu a gindin kumburin, ba a bakinsa ba, ka tura sama a hankali. In ta leƙo kana iya kama ta da hantsaki, amma kar ka fizga. Abin da muke gudu shi ne ta fashe ko ta tsinke a ciki, don jikinta na da ƙananan ƙayoyi da take maƙalewa da su, kuma guntun da ya rage shi ke jawo kumburi da mugunya. Bayan ta fita a sake wanke ramin, a shafa aidin da aka sirka da ruwa.

Shi kuwa ƙaramin da ya daina shan nono, wannan ba na gida ba ne. Kai shi asibitin dabbobi yau. Kwikwiyo ba ya jure rashin ruwa a jiki, kuma in tsutsar ta yi masa yawa ƙwayoyin cuta kan bi ta ramukan su shiga jini.

Mai_Gidan_Gona: Na gode ƙwarai Dakta, Allah ya saka da alheri. Na haska, wallahi ga baƙaƙen ɗigon nan kamar yadda ka faɗa. To waɗanda suke ƙanana, ja kawai suka yi ba rami sosai, su ma a matsa?

Dakta_Samaru: A'a. A nan Baba Sarkin Baka ya yi gaskiya. Sa musu basilin, ka riƙa dubawa safe da yamma. Za su yi girman da za su fito ba tare da an murje naman ba. Kuma duk wadda ta fito kar a yar da ita a ƙasa. A jefa a wuta ko a tafasasshen ruwa. In kaza ta tsince ta, shi ke nan, amma wadda ta kuɓuce wa kaza ita ce ƙudan da zai dawo maka.

Sarkin_Baka_Birnin_Gwari: To Dakta, man kaɗanya da basilin ai aiki ɗaya suke. Iyayenmu ba su san basilin ba, karnukansu kuma sun yi farauta har tsufa.

Dakta_Samaru: Haka ne Baba, in dai mai tsabta ne kuma ya toshe ramin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne toka da baƙin mai da garin batir da wasu ke durawa.

Jauro_Na_Mambila: Ni nawa ya sha bamban da wannan. Karen da ke bin shanunmu ya yi faɗa da wani, aka yage shi a bayan kunne. Da muka ankara wurin ya zama rami, hannu na iya shiga, tsutsa cike suna nutso suna tasowa, ga wari tun daga nesa. Kare ya daina ci, sai ya nemi ƙarƙashin rumbu ya kwanta yana girgiza kai. Shi ma basilin ɗin za a cika masa?

Dakta_Samaru: Jauro, naka ya fi haɗari, kuma cuta ce daban. Na Mai_Gidan_Gona kowace tsutsa da ɗakinta, ita kaɗai, a lafiyayyar fata. Naka ƙudaje ne masu sheƙi, kore ko shuɗi, da ke bin warin miki su yi ƙwai a bakinsa. Wasu ruɓaɓɓen nama kawai 'ya'yansu ke ci. Amma akwai Chrysomya bezziana, wanda tsutsarsa naman mai rai take ci, tana nutsawa ciki. Ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kwana guda, warin mikin kuma ya kira wasu ƙudajen su ƙara nasu. A bayan kunne abin tsoro ne, don suna iya shiga ramin kunnen.

Wannan aikin likita ne. Yawanci sai an yi wa kare allurar barci, don ba zai tsaya ba saboda zafi. A aske, a tsince su ɗaya-ɗaya da hantsaki, a wanke ramin da sirinji har lungu-lungu, a yanke naman da ya mutu, a ba da maganin kashe waɗanda suka ɓuya, da na ƙwayoyin cuta, da na zafi. In ya galabaita a yi masa ƙarin ruwa. Kuma ba a ɗinke irin wannan miki a ranar farko. Ana barinsa a buɗe a riƙa wankewa, a sake dubawa washegari, don kusan kullum akan sami waɗanda suka rage. Kafin ka isa wurin likita, ɗaure masa baki da takunkumi ko tsumma, ka wanke da ruwan gishiri, ka cire waɗanda hannu ya kai, ka rufe da ƙyalle mai tsabta kar sabon ƙuda ya sauka.

Jauro_Na_Mambila: Likita na da nisa da mu, ga hanya ta lalace da ruwan sama. Amma akwai malamin dabbobi da ke zuwa ranar kasuwa. Zan wanke kamar yadda ka ce, in aika a kira shi.

Bakanike_Panteka: Mu dai a garejinmu fiya-fiya muke ɗigawa, nan take tsutsa ke mutuwa.

Gimbiyar_Tudun_Wada: Malam Bakanike, don girman Allah a daina wannan. A gabana aka yi wa karen unguwarmu haka. Wani ne ya tausaya masa, ya tsiyaya masa fiya-fiya a miki. Kafin a yi sallar la'asar kare yana ta dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ga amai ga zawo, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa. Bai kai magariba ba. Tsutsar ta mutu, karen ma ya bi ta. Yara na tsaye suna kallo, wasu har da kuka.

Dakta_Samaru: Abin da Hajiya Gimbiya ta bayyana shi ne ainihin alamun wannan gubar. Miki a buɗe yake, kai tsaye take shiga jini, ga kuma lasa. In hakan ta faru a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, a garzaya asibiti, akwai allurar atirofin da ake yi. Manja da madara da ake ɗura wa kare ba sa karya ta, sai ma su sarƙe shi. Tun da ana maganar abin da ke kashewa, kar a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin ibufurofen da dikulofenak. Suna huda masa ciki su lalata ƙoda.

Mai_Shagon_Magani_Funtuwa: Ni abin da na sani, allurar Ivomec ita ce ƙarshen magana. Makiyaya na saye kullum. A yi wa uwar da 'ya'yan gaba ɗaya a huta da matse-matse.

Ɗalibar_Likitan_Dabbobi: Yallaɓai, a yi hattara. Wanda ke shagonku an haɗa shi ne don shanu da tumaki, yana da ƙarfi, kuma awon nauyi ake bi. Kwikwiyon da bai kai sati 6 ba ba a yi masa. Ko babban kare in aka zarce sai ka ga yana tangaɗi, ido ya buɗe ba ya gani, wani ya suma. Akwai ma jinsunan karnukan Turawa irin su koli da ɗan kaɗan ke kwantar da su, saboda gadon halittarsu. Sannan a irin cutar Mai_Gidan_Gona, in ka kashe tsutsa a cikin fata ba ka fitar da ita ba, gawarta ce za ta ruɓe a ciki ta zama ƙurji. Cirewar dai ba makawa.

Mai_Shagon_Magani_Funtuwa: To ai likitocin ma suna amfani da shi, ko ba haka ba?

Ɗalibar_Likitan_Dabbobi: Suna yi, musamman a irin mikin karen Jauro, bayan sun auna dabbar. Yanzu ma akwai ƙwayoyin kaska da ƙuma da ake ba kare ya tauna, irin NexGard da Bravecto da Simparica, da kuma Capstar, waɗanda aka ga suna kashe tsutsar miki cikin sa'o'i. Sai dai tsada, kuma ba ko'ina ake samu ba. Su ma akwai iyakar shekaru da nauyi a jikin kwalin.

Abu_Sumayya: Ni mamaki nake yi. Mutane na fama da kuɗin maganin 'ya'yansu, ku kuna nan kuna ta dogon bayani a kan kare. Musulmi ma me ya kai shi ajiye kare, balle ya riƙa taɓa shi da hannu?

Malam_Na_Zaure: Abu Sumayya, a yi a hankali da hukunci. Shari'a ta yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk waɗanda suka yi tambaya a nan cikin waɗannan suke. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, ƙwaryar da ya sa baki a ciki ce ake wankewa sau bakwai. Kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Wanda ya ɗaure dabba tana masa aiki, ciyar da ita da yi mata magani sun hau kansa. Ya ga tsutsa na cin ta da rai ya kau da kai, wannan abin tambaya ne a gobe ƙiyama.

Abu_Sumayya: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma akwai malaman da suka tsananta a kan yawunsa.

Malam_Na_Zaure: Akwai, saɓani ne sananne. Wanda ya bi wancan ra'ayin sai ya sa safar hannu ya wanke bayan ya gama. Dakta ma ai abin da ya ce ke nan.

Nas_Mai_Dare: Bari in ƙara wa Abu Sumayya wani abu, don maganar ba ta kare kaɗai ba ce. Ƙudan nan na farko da Dakta ya faɗa yana kama mutane, musamman jarirai. Muna ganinsu a asibiti. Uwa za ta kawo yaro da "maruru" a gadon baya ko ɗuwawu ko cinya, an sha maganin maruru bai ji ba, yaro ba ya barci, sai kuka yana banƙarewa. Ka sa basilin ka jira, sai ga tsutsa. Yadda ake samu shi ne shanya. A wanke nafkin ko zanin goyo, fitsari bai gama fita ba, a baza a ƙasa ko kan dangar da ke inuwa. Ƙuda ya yi ƙwai a kai, a kwashe a sa wa yaro. A riƙa shanya a igiya cikin rana tsaka, a kuma yi guga ciki da bai, har kan ɗinki da kalmasa. Dutsen guga na gawayi ya wadatar. Gidan da karnuka ke da ita, a duba yaran da ke wasa a yashin nan.

Uwar_Biyu: Innalillahi. Anti Nas, to daga jikin karen take tsallakawa zuwa yaro?

Nas_Mai_Dare: A'a, ba a ɗauka ta taɓawa. Sai ta faɗo ƙasa ta zama ƙuda, shi kuma ya yi sabon ƙwai. Amma in karnukan gida na ta zubar da ita a tsakar gida, ƙudan zai yawaita. Ɓeraye ma suna ɗauke da ita sosai.

Ɗan_Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen zaure. Nan wajenmu mun fi ganin irin ta Jauro, ga tumaki da raƙuma da karnukan makiyaya, musamman inda kaska ta ciza ko igiya ta goge wuya. Abin da munka lura, ƙaramin rauni ne ke zama babba. Tun yana ɗan ƙwarzane in ka fesa mai shuɗin maganin nan na gwangwani, ƙuda ba ya samun wurin zama. Mutane sai sun ji wari suke dubawa.

Ɗalibar_Likitan_Dabbobi: Maganar Ɗan Maraɗi ta tuna min da abin da ya faru a maƙwabtansu. A 1988 aka gano wani ƙudan mai cin nama ɗan asalin nahiyar Amurka, Cochliomyia hominivorax, ya shigo Libiya. Hankalin duniya ya tashi don kar ya bazu cikin Afirka. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranci aikin, aka riƙa kawo ƙudajen da aka mayar juya daga Meziko ana sakinsu ta jirgin sama. Macen sau ɗaya take barbara a rayuwarta, in ta haɗu da irin wannan namijin ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa. A 1992 aka bayyana cewa Libiya ta rabu da shi.

Direban_Tifa: To mu ma a kawo mana mana.

Ɗalibar_Likitan_Dabbobi: Wancan baƙo ne da ya sauka a yanki ɗaya, aka tare shi da wuri. Namu 'yan gida ne, suna daji suna gari.

Mai_Gidan_Gona: Jama'a ga inda aka kwana. Mun kai ƙaramin asibitin dabbobi, an cire masa da yawa, har a cikin leɓe da fatar ido, wuraren da ban ma duba ba. An yi masa allura, an ce a riƙa ɗora shi a nono shi kaɗai kafin sauran. Ya fara kamawa kaɗan-kaɗan. Sauran muna bi da basilin, suna fita. Uwar ma an samu a nonuwanta. Likitan ya ce a dawo da ita rigakafin haukan kare in ta yaye. Damuwata yanzu, na ga sababbin jajayen ƙuraje a jikin biyu daga cikinsu. Ashe ba a gama ba?

Dakta_Samaru: A ina suke kwana?

Mai_Gidan_Gona: Ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kan ragowar yashin gini. Uwar ce ta haƙa rami a nan ta haihu.

Dakta_Samaru: To ga gidan cutar nan. Inuwa, yashi, fitsarin 'yan kwikwiyo, komai ya haɗu. Muddin suna nan, kana cirewa wasu na shiga. Ɗauke su yau ka mayar da su kan siminti ko katako da aka ɗaga daga ƙasa. Yashin a kwashe a baza shi a rana. Buhun da suke kwanciya a kai a riƙa wankewa da ruwan zafi ana shanyawa a rana, kashi kuma a kwashe kullum.

Sarkin_Baka_Birnin_Gwari: Dakta, faɗa da sauƙi. Karya in ta zaɓi wurin haihuwa, ko ka kwashe 'ya'yan sai ta ɗauke su da baki ta mayar. Kuma siminti da damina sanyi gare shi, sanyi na kashe kwikwiyo fiye da tsutsa. Mu abin da muke yi, mu tara karmami mu ƙona a kan ramin, ƙasar ta gasu, in ta huce a mayar da su.

Dakta_Samaru: Wutar za ta kashe waɗanda ke cikin ƙasar a ranar, ban musa ba. Amma ƙudan na nan, da sun sake yin fitsari zai dawo. In za a bi hanyarka sai an riƙa maimaitawa. Ni dai na fi son katako da buhu a kai, a ɗaki mai ƙofa, a rufe uwar tare da su har ta saba.

Uwar_Biyu: Mu tsohuwar ƙofa muka ɗora a kan bulo huɗu a cikin shagon ajiya, muka shimfiɗa buhun gyaɗa. Daren farko ta yi ta kuka tana tonon ƙofa, daga baya ta haƙura.

Sarkin_Baka_Birnin_Gwari: Karen gida ke nan, Hajiya. Na farauta in ka kulle shi a ɗaki ya lalace.

Bakanike_Panteka: Tunda an hana fiya-fiya, to ƙudajen nan da ke cin bakin kunnen kare har ya yi jini ya yi baƙi fa? Namu kunnuwan duk sun guntule. Su ma tsutsar suke sawa?

Ɗalibar_Likitan_Dabbobi: Waɗannan masu cizo ne, jini suke sha, sun fi yawa inda akwai taki da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Su ba sa sa tsutsa a kunnen, amma mikin da suka buɗe shi ke kiran masu sawa. A jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi a goge, a shafa basilin mai kauri safe da rana, ko man korar ƙuda da aka yi don karnuka. Wanda aka yi don karnuka kar a shafa wa kyanwa, wasu na kashe ta.

Jauro_Na_Mambila: Dakta, malamin dabbobin ya zo ya tsince, ya yi allura, ya bar mana maganin fesawa. Warin ya ragu, kare ya sha madara. Amma yau da safe na ga guda biyu sun leƙo daga can ƙasan ramin, kuma kansa a karkace yake riƙe shi. In jira ranar kasuwa mai zuwa, ko in nemi mashin in sauka da shi gari?